Wai Mijin Auta Ya Taɓu

Auta tana jera kwanuka a kicin kamar mai satar su, don ko cokali ne ya faɗi sai mijinta ya dafe kai ya ja tsaki. Haka gidan ya koma tun ranar da tsani ya zame da shi yana shafa fenti a wani bene, ƙeyarsa ta daki siminti. Ba jini, ba karaya, shi ya sa kowa ya ce Allah ya kiyaye gaba aka watse. Ita da ke zaune da shi ita ta san abin da aka bar mata. Labule kullum a sake saboda haske, waya a kashe, in ya juya kai da sauri sai ɗakin ya juya da shi har ya yi amai. Mai Fenti da unguwa ta sani da barkwanci ya zama mai faɗa da ƙarar fanka.

A asibiti likita ya duba hoton kan ya ce babu jini a ciki, ƙwaƙwalwa ce ta ɗan taɓu saboda buguwar. Ya ce ya huta kwana biyu, sannan a kai shi sashen gashin ƙashi. Tsautsayi ya sa Gwaggo, yayar Abban Auta, tana tsaye a wurin. Gwaggo kuwa in ka ba ta magana yadi ɗaya sai ta ɗinka riga da zane har da ɗankwali. Duk bayanin likita kalma ɗaya ta tsinta ta ƙulle a bakin zane: taɓu.

Likitar gashin doguwar mata ce marar son wasa. Da Auta ta tambaye ta wane ƙashi za a gasa tunda ba karaya, ta ce nan ba wuta ba ruwan zafi, ido da kunne da ƙwaƙwalwa ne suka daina jituwa, sasanta su za a yi. Ta murza masa wuya, ta sa shi tafiya a kan layi, ta koya masa tsayuwa da ƙafa ɗaya. Aikin gida kuma, a yi ɗigo a bango, ya kafa masa ido, yana girgiza kai dama da hagu, da jiri ya fara tasowa ya tsaya ya huta. Auta ta ɗauki burushinsa ta ɗiga baƙin fenti a tsakiyar bangon falo.

Wata rana da hantsi Gwaggo ta zo dubiya, sallama ɗaya ta ɗaga labule. Ta tarar da ƙaton namiji a ɗaki mai duhu, ya zuba wa bango ido yana ta girgiza masa kai. Salati ta saka, ko ruwa ba ta sha ba. Kafin la'asar dangi kaf sun ji cewa mijin Auta ya taɓu, likita ma ya faɗa da bakinsa, yanzu da bango yake musu. Abin takaici, ba wanda ya taka ƙafa ya zo ya gani.

Umma ta kira Auta gida. Abba na zaune fuska a ɗaure, ya ce ya ji har kofi mutumin ya taɓa wurgi da shi. Gaskiya ne, ya yi, ranar da injin niƙan maƙwabta ya wuni yana ƙara. Auta ta yi bayani har muryarta ta dushe, Gwaggo tana gefe tana cewa so ne ya rufe wa yarinya ido, sai an tsinci gawarta za a gane.

"Gwaggo, wai ke likita ce?" in ji Auta, hawaye na zuba. "Buguwa aka ce, buguwa! Eksasayis yake yi. Da ɗanki ne ya faɗo, haka za ki bi gida-gida da shi?"

Umma ta daka mata tsawa. Abba ya ce ya ba ta ɗan lokaci ta haɗa kayanta, shi bai haifi 'yar da zai bar wa mahaukaci ba.

Ta koma gida ranta a dagule, ta tarar labarin ya riga ta, don abokin aikin mijinta ya zo ya fesa masa. Yana kwance fuska a bango. Ba tare da ya juyo ba ya ce ta bi iyayenta, shi ya gaji, mutumin da ba ya iya hawa tsani me zai tsinana wa mace. Nan ne ran Auta ya ƙarasa ɓaci, har ta manta da kai mai ciwo.

"Na tsaya gaban Abbana na yi abin da ban taɓa yi ba saboda kai, shi ne za ka kore ni kana kwance? In saki za ka yi, tashi ka tsaya da ƙafafunka ka kalle ni ka faɗa. In ba za ka iya ba, ga ɗigonka can yana jira."

Ya juyo ya kalle ta. Sannan ya dafa bango ya miƙe.

Ba a samu sauƙi a rana ɗaya ba. Akwai ranar da ya zage ya wuce ƙa'ida ya wuni a kwance, likitar gashin ta wanke su tas, ta ce wannan ciwon ba ya son jarumta, sannu-sannu ake binsa. Akwai ranar da Auta ta shige banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito. A hankali aka ɗage labule gefe guda, aka kunna rediyo ƙasa-ƙasa, ya fara zagaya layinsu da yamma tana biye da shi, masu leƙe ta taga suna leƙensu.

Ranar da wa'adin Abba ya cika, ya zo da kansa, Gwaggo na bayansa. Mai Fenti ya durƙusa ya gaishe su. Abba bai yi doguwar magana ba, ya ce shi ba ya son tashin hankali, ya sauwaƙe wa yarinya, in Allah ya ba shi lafiya a sake magana.

Mai Fenti ya miƙe, bai dafa komai ba. Ya nemi inda Auta take tsaye a bakin ƙofar kicin, ya kafa mata ido yadda aka koya masa. Sannan ya girgiza kai, dama da hagu, a hankali, bai yi tangaɗi ba.

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo tana ja da baya. "Ga shi nan ya fara."

Abba ya daɗe yana kallon surukinsa, ya kalli ɗigon bango, ya kalli 'yarsa da ke kuka tana dariya.

"Yaya, wannan girgiza kan ai kowa ya san shi," ya ce. "A'a yake nufi."

Mai Fenti ya sake durƙusawa ya nemi gafara, ya ba da labarin ciwon tiryan-tiryan, ya ce gobe ranar gashi ce, in Abba zai daure ya raka su ya ji daga bakin likita. Abba ya raka su. Da suka fito suka kai bakin titi, ya ce wa Auta ta yafe masa, ya yanke hukunci da kunne alhali Allah ya ba shi ido. Gwaggo kuwa har yau cewa take ita dai abin da likita ya faɗa ta faɗa.

Magana zarar bunu ce, kalma ɗaya da aka ji rabi ta kusa raba aure. Kafin ka ɗauki ciwon wani ka kai gaba, tambayi mai jinyarsa. Mai haƙuri kuwa ba ya taɓewa. Da Mai Fenti ya koma aiki ya ɗauko burushi zai shafe ɗigon, Auta ta riƙe hannunsa ta ce duk bangon duniya ya je ya shafe, ban da wannan.