Hoton Tabawa

Ku matso kusa. Ba na son ɗaga murya, masu labarin suna da kunne.

An yi wani mutum, Malam Sallau, malamin labarin ƙasa a wata makarantar sakandare. Sunan garin ya kwanta mini, amma gari ne mai duwatsu ta gabas. Malam Sallau ba shi da abin sha'awa a duniya kamar ɗaukar hoto. Ba sana'arsa ba ce, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da an ba da hutu sai ya rataya kyamara ya shiga mota. Duk inda aka ce akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse, ko tafki, ko kogo, ko sabon wurin shaƙatawa mai lilo da dawakan katako, sai ya je.

Abu ɗaya ne ba ya so a hotonsa: mutum. Yakan ce mutum ɓata wuri yake yi. Sai ya tsaya ya yi ta jira har kowa ya gushe, in an ƙi gushewa ya kaɗa hannu.

Matarsa Tabawa takan bi shi wani lokaci, ita ke riƙe jaka da gorar ruwa. In ta ga wuri ya yi kyau sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta je ta tsaya.

"Ke, ɗan matsa, kin tare mini."

"To, Malam."

"Ke ai kullum muna tare. Naki sai mun koma gida."

Na gidan ba a taɓa ɗaukarsa ba. Tabawa ta rasu ba a daɗe da yaye autarsu Shafa'atu ba.

Shekaru suka shuɗe. Shafa'atu ta girma, ta yi aure, ta dawo gida goyon ciki. Wata safiya ta kawo wa mahaifinta koko, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi tashi.

"Baba, in mace na haifa sunan Inna za a sa mata."

"Allah ya sauke ki lafiya, Auta."

"Amin. Amma ni ban san fuskarta ba. Cikin akwatunan nan naka, ai ba za a rasa ba."

Ya ce ba za a rasa ba. Ya zazzage akwatunan. Duwatsu, ruwa, itatuwa, gajimare. A wani hoto ya ga gefen gyale. A wani ya ga inuwar mace a kan yashi, riƙe da jaka. Ya aika wurin dangin Tabawa, aka ce hoton aure ɗaya ne, gara ta ci shi tuni. Ya rufe ido don ya siffanta wa yarinyar uwarta da baki, sai ya tarar ko shi fuskar ta fara kuɓuce masa. Yana tuna wushirya. Sauran kamar hayaƙi.

Sai ya tuna fitarsu ta ƙarshe. Ranar yawon Salla ce, suka je wani wurin wasa a bayan gari. A bakin ƙofar irin wuraren nan akwai masu hoto da ke ɗaukar duk wanda ya shigo, su wanke, su jera a jikin allo, mai so ya karɓi nasa. Wanda ba a karɓa ba sukan ajiye. Wani a cikinsu ya ɗauki Tabawa. Ta tsaya gaban allon tana kallon kanta, tana murmushi. Shi kuwa ya leƙa ya ce wannan bai iya aiki ba, haske ya yi yawa, su tafi.

Bai gaya wa kowa ba. Ya rataya kyamara don sabo, ya nufi wurin wasan shi kaɗai.

Ya isa rana tsaka, ga hadari ya lulluɓe sama. Wurin ya mutu. Ƙofar a ɗaure da sarƙa, ciyawa ta kai ƙugu. Ya ratsa ta inda katanga ta rushe. Dawakan katako na nan a da'irarsu, fenti ya ɓare musu a fuska. Can tsakiya ga ƙaton lilon nan mai kamar tayar keke, wanda ke ɗaga mutane sama, tsatsa ta cinye shi. Ba kukan tsuntsu. Ko ƙuda babu.

Rumfar masu hoto na nan inda ya san ta. Wani tsoho na zaune a ciki, ya sunkuyar da kai.

"An shigo mana gida ba sallama."

Malam Sallau ya waiwaya. Ba kowa. Bakin tsohon da ke gabansa ne ya motsa, amma muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito.

"Salamu alaikum, Baba. A yi mini afuwa."

"Wa alaika. Me kake nema?"

"Masu hoton da ke nan a da."

"Sun watse. Allon ma an yi makamashi da shi."

Ya juya zai tafi.

"Mai wushirya kake nema. Mai koren gyale."

Tsohon ya miƙe, ya fito daga rumfa. Yana tafiya ciyawa ba ta kwantawa. Malam Sallau ya ja da baya.

"Ka san ni?"

"Mun san ka. Kai ne mai kora. Ranar nan har mu ka kora, ba ka sani ba."

"Baba, matata ta rasu."

"Wanda ya tafi ya tafi, ba ma taɓa wannan. Amma duk wanda ya taɓa shigowa nan muna riƙe da kamanninsa, kamar yadda kuke riƙe takarda. A cikinmu akwai mai iya fitowa da kamanninta."

Ya kamata ya gudu. Ya san ya kamata. Amma ya tuna Shafa'atu a bakin tabarma.

"Me zan biya?"

"Ba ma saye, ba ma sayarwa. Je ka tsaya inda ka tsaya ranar nan. Za ta zo. Sau ɗaya za ka danna. Ɗaya."

Ya je. Ƙafarsa ta gane wurin, wani ɗan tudu ne da ke fuskantar ƙaton lilon. Ya goge gilashi da bakin riga, ya ɗaga kyamara, ya rufe ido ɗaya.

Shiru.

Sai hadarin ya tsage. Haske ya sauko a kan lilon nan shi kaɗai, duk sauran wurin yana duhu. Tsatsar ta koma ja kamar garwashi. Yaɗon da ya nannaɗe ƙarfen ya yi kore shar. Bayansa sama baƙi ƙirin. Sai ga balbelu, farare fat, sun taso sun ratsa ta tsakiyar da'irar. Tun da ya fara riƙe kyamara bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ja numfashi ya riƙe. Ya san irin wannan haske ba ya jira.

Wata mace ta shigo daga hagu. Ta tsaya daidai gindin lilon, ta ɗaga hannu tana gyara ɗankwali.

Hannunsa ya kaɗa da kansa.

"Ke, ɗan matsa."

"To, Malam."

Ta matsa. Ya danna.

Sai da ƙarar kyamarar ta shiga kunnensa sannan muryar ta isa zuciyarsa. Ya sauke hannu. Hasken ya ɗauke. Babu kowa a gindin lilo.

"Tabawa!"

Ciyawa ce kawai.

Ya ruga rumfa yana tuntuɓe. "Baba! Don Allah, sau ɗaya tak. Ban duba ba. Wallahi ko fuskarta ban duba ba!"

Rumfar babu kowa, sai benci da gara ta ci. Muryar ta zo daga bayan ƙeyarsa, a hankali, babu fushi a cikinta.

"Mun sa ta yi kwalliya. Har tozali ta sa maka."

Bai san yadda ya fita ba. An ce wasu masu itace suka gan shi a bakin hanya, takalmi ɗaya a ƙafa, ruwa na dukansa, ya rungume kyamara a ƙirji. Ko masu itace ne ko makiyaya, na manta. Su dai suka sa shi a mota.

Shafa'atu ta tarye shi a zaure, tana dafe da baya.

"Baba, ina ka shiga haka? Ka samo?"

Ta karɓi kyamarar, ta kunna, ta duba ɗan gilashin da ke bayanta. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, Baba, wannan ya yi kyau. Ban taɓa ganin wanda ya kai shi ba." Ta matso da shi kusa da ido, ta bi kowane lungu da yatsa. "To ina Inna?"

"Ta zo, Auta."

"Ina take?"

"Na ce ta matsa."

Mace aka haifa. Aka sa sunan. Duk wanda ya zo barka ya ce jaririya kamar an tsaga kara da kakarta, wasu kuma su ce a'a, dangin uba ta ɗebo. Sai a juya a tambayi Malam Sallau, tunda shi ya fi kowa sani. Yakan ɗauki yarinyar ya duba, ya duba, ya mayar wa uwarta.

Don haka ku ji ni. Wurin da mutane suka taɓa yin dariya suka bari, ba a rasa masu zama. Kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai, ko da rana tsaka. Ba don za su kama ku ba. Shi ba su taɓa ko gashin kansa ba. Amma da akwai wani a gefensa ranar nan, da ya toshe masa baki.