Fasinjar Hawan Yashi

Ana gab da kiran magariba Direba ya shigo da motarsa gida kamar yadda ya saba. Ya kashe ta a gindin katanga, ya zauna a benci yana cire takalmi da ƙyar, inji na ta ƙas-ƙas yana hucewa. Matarsa tana kicin tana rage wuta. 'Yarsu tilo, wadda kowa ke kira Auta duk da ba ta da yaya ba ta da ƙane, ta kawo masa ruwa a buta ta ajiye. Tsuntsayen da ke kan wayar lantarki suka yi shiru gaba ɗaya, amma ba wanda ya kula.

Sai tsakuwa ta faɗo kan bonet, ƙwal.

Direba ya ɗaga kai ya dubi katanga. Ya zaci yaran maƙwabta ne, har ya buɗe baki zai yi faɗa, wata ta sake faɗowa. Jifan ba mai ƙarfi ba ne. Irin jifan nan ne na wanda hannunsa ya mutu, yana so kawai a waiwayo. Ya leƙa waje, layi fayau, ko akuya babu. Da ya dawo ya tarar Auta tana tsaye a tsakar gida, ta ranƙwafa, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallon ƙofa.

"Ke Auta, lafiya?"

Ta ɗaga ƙafa ta fara tafiya.

Sana'ar Direba ita ce kai mutane da kaya ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, a wata tsohuwar jif mai jan taya huɗu. A hanyarsa ta dawowa akwai wani dogon hawan yashi da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. A gindin hawan dole ya tsaya, ya sauka ya murɗa makullan tayun gaba da hannu, ya saka giyar yashi. Fasinjoji kan sauka su miƙe ƙafa, in ya gama sai ya buga jikin mota ya ce, "Bismillah, kowa ya hau." Bakinsa ya saba har ko ba kowa sai ya faɗa. Abin da ke ba shi haushi, da zarar ya fara hawa sai motar ta yi nauyi, ta riƙa nishi tana jan ciki, ko da kuwa ba ta ɗauke da ko buhu ɗaya. Ya canza fulogi, ya canza matatar iska, ya wanke tanki, duk a banza.

Bakanikensa, wani mai baki kamar reza da ake kira Sifana, shi ya kawo shawara. Ya ce injin ba ya samun isasshiyar iska ne, a ɗora masa sufacaja, wata na'ura da bel ke juyawa tana ɗura wa inji iska da ƙarfin tsiya. Namiji in aka ce masa motarsa za ta ƙara ƙarfi, to ba ya ƙara jin wata magana a duniya. Matarsa ta ce rufin ɗaki na yoyo, ya ce damina da saura. Motar ta kwana biyu a gareji, ta fito da wani ƙarfe mai sheƙi a kan inji, da wani siririn fito da take yi in an taka totur. Daga ranar bai ƙara tsayawa a gindin hawan ba. Tun daga tasha yake murɗa makullan, ya kwaso gudu daga nesa, ya haye yana fito, ƙura na bin sa a baya. Makonni ya yi yana ba da labarin nan a tasha har abokansa suka fara tashi in ya zauna.

To, ga abin da ya biyo baya. Kullum rana na yin ja, sai tsakuwa ta fara sauka a kan motar, Auta kuma ta miƙe ta ranƙwafa ta nufi ƙofa. Suka riƙa sa kwaɗo suna kullewa don kada ta fita ta ɓace. In ta taɓa ƙofar ta ji ta a rufe, sai ta juya ta bi jikin katanga, ta wuce kicin, ta wuce igiyar shanya, ta zagaya motar, ta dawo ƙofa, ta sake. Ba ta ihu, ba ta fisge-fisge. Numfashi kawai take yi irin na tsohuwar da ta ɗauko kaya. In uwar ta riƙe ta, sai ta ji jikin ya yi nauyi kamar turmi. Sai an idar da sallar isha take zubewa inda take, uban ya ɗauke ta ya kai ɗaki.

Tsakar gidan siminti ne, amma in uwar ta zo gasa mata ƙafa sai ta tarar da yashi a tsakanin yatsunta, fari, mai laushi, har da ɗumi. Dugaduganta suka tsage. Gwiwoyinta suka kumbura. Da safe ba ta tuna komai, sai dai ta ce, "Umma, ƙafata," ta koma barci. An kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce bai ga ciwo ba, amma ƙafafun nan in ba su huta ba wata rana ba za su ƙara ɗaukarta ba. Ya ce a hana ta yawo. Uwar ta dube shi kawai, ba ta da ƙarfin yin bayani.

Gidan ya gaji. Aka daina kunna rediyo, aka daina yin baƙi. Tukunya takan kai dare a kan murhu ba wanda ya buɗe ta. Direba yana fita aiki ido jajir, ya dawo da wuri ya zauna yana jiran rana ta faɗi kamar mai jiran hukunci. Tsoro ma ya ƙare musu, sai gajiya ta rage, da tausayin yarinyar da ke ramewa a gabansu.

"Baban Auta," in ji matar wata yamma, muryarta ƙasa-ƙasa, "tun da ka ɗora ƙarfen nan ba mu ga daidai ba."

"Me ya haɗa ƙarfe da ƙafar yarinya?"

"Ban sani ba. Ni dai ka nemo mana malami."

Malamin da ya nemo tsoho ne, siriri, mai ciwon baya. Da ya shigo bai tambayi mara lafiya ba, kujera ya fara tambaya. Ya zauna ya huta, ya sha ruwa, ya daɗe yana kallon motar. Da rana ta yi ja, tsakuwa ta faɗo, Auta ta fito daga ɗaki a ranƙwafe. Malam ya bari ta zagaya ya ga tafiyar, sannan ya sa uwar ta zaunar da ita a tabarma, ya fara karatu. Bai ɗaga murya sosai ba. Karatun ya yi nisa, duhu ya fara cika kusurwoyin gidan, sai bakin Auta ya buɗe, wata murya ta fito, busasshiya, ta tsufa ƙwarai.

"Malam, sassauta. Ba faɗa na zo yi ba. Ba ni da ƙarfinsa."

Uwar ta toshe baki da mayafi. Malam ya ce, "Wace ce ke?"

"Fasinjarsa ce."

Direba ya jingina da bango. Muryar ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin magana. Ta ce ita da mijinta suna zaune a wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a saman hawan yashi. Mijin ya daɗe a kwance. Kullum da safe takan gangara fadama ta ɗebo masa ruwa, gangara ba wuya, da yamma kuma ta jira motar nan ta hau da tulunta a baya.

"Da izinin wa kike hawa?" in ji Malam.

"Da izininsa. Shi yake cewa kowa ya hau. Shekara da shekaru ban taɓa sa ƙafa ba sai ya faɗa."

Malam ya waiwayi Direba. Direba ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne, yana faɗa.

"Ku aljanu da aka ce kuna tafiya kamar iska, me za ki yi da mota?"

Wata 'yar dariya mara daɗi ta fito. "Masu ƙuruciya ke nan, Malam. Mu ma muna tsufa. Kai da ka shigo, me ka fara nema?"

Muryar ta ci gaba da labarinta.

"Rannan ina tsaye da tuluna, sai ga shi ya taho yana fito. Na ɗaga hannu, ya bule ni da ƙura. Washegari na jefa tsakuwa, bai ji ba. Na riƙa hawa da ƙafa, in kai tsakar dare, in kai asuba, ruwan ya zube rabi. Wata rana na isa na tarar ba mai sha, maigidana ya cika."

Can nesa wani yana rufe shago, ana jin ƙarar ƙofar ƙarfe.

Muryar ta ce baƙin ciki ne ya sa ta tare shi a wani rami inda dole ya rage gudu, ta maƙale a tayar da ke ɗaure a baya, ta biyo shi don ta nuna masa. Kafin su iso fushin ya huce, don fushi ma ƙarfi yake so. Ta sami kanta a gidan da ba ta sani ba, ƙafafu sun ƙi. Ta jefi motar ko zai gane, bai gane ba. Sai ta ari ƙafafun yarinyar don ta koma gida.

"Kullum in na kai ƙofa sai in tarar kun kulle."

Uwar ta fashe da kuka, don ita ke sa kwaɗon da hannunta.

Malam ya gyara zama, muryarsa ta yi kauri. "An cuce ki ba da sani ba, ke kuma kin cuci yarinya da saninki. Ita ta tuƙa motar? Dubi ƙafafunta. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Na gani. Ina jin ciwonsu tare da ita. A buɗe ƙofar, in taka da su zuwa gida, in sako ta."

"Ba za ta kai ba, kin sani. Ko taki ɗaya ban ba ki ba."

"To a cire ƙarfen nan mai fito."

"Yanzu zan kira Sifana," in ji Direba da sauri, "wallahi a daren nan za a cire."

Muryar ta ce, "Bar shi. Me zai ƙara mini yanzu? Faɗa kawai na yi." Ta ja dogon numfashi. "Ka kai ni gida. Ka tsaya inda kake tsayawa, ka yi yadda kake yi, ka hau a hankali kada ya yi fito. Amma sai a jikinta zan shiga motar, ba zan iya ɗaga ƙafa ba."

Malam ya ja carbinsa. Daga baya ya ce ya yarda da sharaɗi: yarinyar ba za ta taka ƙasa ba, ubanta zai ɗauke ta, shi kuma zai zauna kusa da ita yana karatu, kuma a saman hawan za a rabu har abada. Ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka. Ta rantse. A daren nan Auta ba ta zagaya ba.

Washegari bayan la'asar suka kama hanya, Malam da uwar a kujerar baya, Auta a tsakiyarsu an naɗe mata ƙafafu da tsumma. Direba bai taɓa tuƙi mai wahala irin wannan ba. Motar tana neman gudu kamar doki mai ƙoshi, shi kuma yana danne ta. Rana ta sunkuya lokacin da suka zagayo ta hanyarsa ta dawowa suka iso gindin hawan. Ya tsaya. Ya sauka ya durƙusa ya murɗa makullin dama, ya zagaya ya murɗa na hagu, ya rage wa tayu iska don kada su nutse. Ya dubi gefen hanya, inda wani dutse yake, samansa ya yi sumul saboda zama. Ya sha wucewa ta nan bai taɓa ganinsa ba.

Ya dafa jikin motar, ya ce, "Bismillah, kowa ya hau."

Suka fara hawa a giyar yashi. Nauyin nan da ya sani ya dawo, motar ta zauna a kan ƙafafunta na baya, tana nishi, tana jan ciki. Taka totur kaɗan zai raba shi da wannan wahala, bai taka ba. Malam yana karatu ƙasa-ƙasa, uwar ta rungume kan 'yarta. Yashi na zamewa a ƙarƙashinsu, duhu na tahowa daga gabas, hawan ya ƙi ƙarewa.

A can sama, kusa da wasu duwatsu da aka jera da'ira, muryar ta ce, "Nan ne." Ya taka birki. Ba wanda ya buɗe ƙofa, amma bayan motar ya ɗago a hankali, ƙarafan ƙasa suka yi ƙara kamar an sauke buhuna. Direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ce, "Ki yafe mini, Iya." Bai san ko ta ji ba.

Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido. Ta miƙe zaune sosai, bayanta a miƙe, ta dubi uwarta, ta dubi tsohon da ba ta sani ba, ta leƙa ta taga ta ga yashi ko'ina.

"Baba, ina ne nan? Me ya sa muka tsaya?"

Ya goge fuska da hannun riga kafin ya waiwayo.

"Fasinja muka sauke," ya ce. "Kwanta ki huta."