Baƙin Zare Na Biyar

"Ba jininmu ba ne, Afnan. Ki bar maganar nan!"

"Amma a jirginku ruwa ya ci shi, Baba!"

Alhaji Umaru bai ko ɗago ya dubi 'yar tasa ba. Yana zaune a ofishinsa da ke cikin siton kamfaninsa a Beltsville ta Amurka, ya zuba wa bango ido. Kwana tara ke nan da aka bugo waya cewa igiyar ruwa ta share saurayinta Abdul-Jalil daga saman jirgi, saura kwana huɗu su isa tashar Tema ta Ghana. An yi neman duniya, ko takalminsa ba a gani ba.

Da kwalekwale ɗaya kakan Alhaji ya fara a Yawuri, yana ƙetarar da albasa. Ɗansa ya kai sana'ar Legas har ya mallaki jirgin dakon kaya, shi kuma Alhaji ya kawo ta Amurka, yana loda motoci a Baltimore. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba: tambarin da ke ƙirjin rigar aikinsu, filafilin tuƙa kwalekwale guda biyu a gicciye. A ƙarƙashinsa akwai layin baƙin zare huɗu, kowanne namijin gidan ne da ruwa ya ci. 'Yar gidan ke ɗinkawa da hannunta, maigida yana kiran sunan mamacin da na ubansa.

Layi na biyar Afnan take nema wa Abdul-Jalil, shi ke nan.

Ɗan Kumasi ne, shekara shida yana loda musu kwantena, ko iyo bai iya ba. Da ya nemi aurenta Alhaji bai ƙi ba, sai dai ya ɗauko al'adar gidan: duk mai son 'yarsu sai ya bi jirgi sau ɗaya. Al'ada ce ta kogi, inda mutum ke hango gaɓa. Wa ya gaya wa Alhaji teku kogin Yawuri ne?

Ta yi kuka, ta roƙi Abdul-Jalil kada ya je. Dariya ya yi.

"Haba sanyin idona... kwana ashirin ne fa. In dawo da rigar gidanku a jikina, kowa ya san ni naki ne."

Yanzu ga shi babu shi, babu kabarin da za ta ziyarta.

"An ɗaura aure?" in ji Alhaji. "Ba a ɗaura ba. In na sa masa zare, me zan ce wa dangi a Yawuri?"

"Ka ce musu kai ka tura shi!"

Tunda take ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta ji nadama ba. Ta ajiye makullan sito a kan teburinsa, ta ja mota sai gidan Gwaggo Talatu a Bowie.

Mako uku Afnan ba ta ɗaga wayar mahaifinta ba. Gwaggo ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji ta zuba mata ido.

Ran wata Asabar da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji ne, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya, rigar aikinsa a naɗe a hammata. Afnan ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta dubi fuskarsa ba.

Ya zauna, ya shimfiɗa rigar a cinya, ya zaro allura da ƙullin baƙin zare. Sau uku yana gwada zurawa, zaren bai shiga ba.

"Zura mini, Afnan... idona ba ya gani."

Ta karɓa. Hawaye ya hana ta ganin kafar allurar, da lalube ta zura. Ta jawo rigar, ta kafa allura a ƙarƙashin layi na huɗu, tana jira ya kira sunan.

"Abdul-Jalil..." Ya tsaya.

"Baba?"

"Ɗan wa?" Muryarsa ta karye. "Shekara shida yana gabana... na tura shi teku, ban taɓa tambayar sunan ubansa ba."

"Kamaldeen," ta ce. "Ɗan Kamaldeen."

Alhaji ya maimaita, ya sake maimaitawa, yana kuka a gaban 'yarsa. Ita kuwa ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ja zaren.