Wa Ya Shayar da Kabarin Malam Hammajoda?

Da safiyar Lahadi Inna A'i ta shiga zaurenta na Ƙofar Wambai za ta cika randa, ta tarar moɗar tagulla ba ta a ƙusarta. Amma ba wannan ne ya fi tayar mata da hankali ba. A kan rairayin da ta share da magariba ga sawun ƙafa babu takalmi, daga randa zuwa kabarin da ke kusurwar zauren. Ƙasar kabarin kuwa a jiƙe take.

Kabarin na Malam Hammajoda ne, kakan mijinta marigayi. Shi ya girke randar tun zamanin fatake, ya bar wasiyya kada a hana matafiyi ruwa. Fatake sun ƙare, amma duk Asabar 'yan bokon Yelwa masu hawan dutse don nishaɗi sukan biyo gefen tsohuwar ganuwa su ya da zango a nan. Mutane da cikinsu a ƙoshe suna neman wahala da ƙafarsu, Allah ya kyauta. Su zauna a dakali, Inna ta miƙo ruwan sanyi a moɗar, a sha hira. Ba ta da ɗa ba ta da jika, baƙin nan su ne danginta.

Kafin hantsi unguwa ta rabu biyu. Mata na raɗa cewa Malam ne ya ji ƙishi ya tashi. Maza suka ce baƙi ne ɓarayi. Mai unguwa ya ce in moɗa ba ta fito ba, zai garƙame zauren, baƙo ya sha ruwa a gidan ubansa.

Sajan Liatu aka turo daga ofishin 'yan sanda, wata doguwa 'yar Bogoro marar son surutu. Ta daɗe a tsugune tana kallon sawun. Zauren shiru, sai sanyi da warin jemage, ga randa na ɗiga kamar mai ƙirga numfashin mutum.

Ta fara da Andarawus, jagoran masu hawan dutse, da aka kira daga coci.

"An ce jiya ka taya moɗar."

"Wasa nake, Sajan. Inna ta ce in kawo shanun Bauchi duka."

"Ka taɓa shiga ciki?"

Ya nuna takalminsa mai igiya har ƙauri. "Inna ba ta yarda a shiga da takalmi. Kafin in kwance wannan, ƙishi ya kashe ni. Dakali ne iyakarmu."

Sai Ya'u mai shayi, tsoho mai rumfa daura da zauren, wanda ko kaza ta gifta sai ya san gidan da ta fito.

"Baba, me ka gani?"

"'Yata, ban gani ba, ji na yi. Bayan asuba ina hura wuta na ji ana ɗibar ruwa a ciki. Na yi a'uzubillahi na ƙara ganyen shayi."

"Ba ka leƙa ba?"

"In leƙa in ga wa? Tun rasuwar maigidan ba a jiƙa kabarin nan ba. Aikin jinin gida ne, in sun ɗebi ruwa sai sun ɗiga wa Malam tukuna. Ko Inna ba ta yi, aure ya kawo ta."

Jinin gidan da ya rage a gari Mansir ne, ɗan ƙanen mijin Inna. Ya iso da farin yadi da waya biyu, yana ƙamshin turare kamar ango.

"Malam Mansir, yaushe rabonka da zauren?"

"Tun ina yaro. Ni ba na shiga wurin bidi'a, Sajan. Na sha gaya wa Inna baƙin nan za su kwashe gidan. A rufe, a yi shago, kowa ya huta."

"Shagon wa?"

Ya duba wayarsa.

Sajan ta zauna a dakali tana fifita da hularta. "Rana ta buge ni. Baba, taimaka mini da ruwa."

Ya'u ya tuɓe silifa, ya ɗebo a kofin roba, ya fito da sauri kamar an biyo shi. Ta sha ta ce bai isa ba, ta miƙa wa Mansir kofin. Ga mai unguwa, ga jama'a, ba halin musu. Ya cire takalmi ya shiga. Ya ɗebo, ya juya, sai ga shi ya ratse kusurwa, hannunsa ya karkata, ruwa ya tsiyaya a kan kabarin. Sannan ya farga. Ya ƙame da kofi a hannu.

"Tsaya nan," in ji Sajan. "Dubi ƙafarka, dubi sawun da ke gefenta."

Kamar an auna.

Ta juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ɓarawon waje ba ya tsayawa tuɓe takalmi. Wanda ya tuɓe ɗan unguwa ne. Ɗan unguwa kuma ba ya shayar da kabari, sai ɗan gida. Ba moɗa yake so ba, so yake a ɗora wa baƙi laifi a rufe zaure ya samu shago. Bakinsa ya ce bidi'a, hannunsa bai ji ba. Ya zo yi wa kakan ubansa sata, tsoro ya sa ya ba shi ruwa tukuna."

Mansir ya durƙusa. Ya ce moɗar na ƙarƙashin katifarsa, kuma tun da ya kai ta ɗaki yake jin kamar ana zuba ruwa a bayansa. Aka je aka ɗauko. Mai unguwa ya ce zaure na nan a buɗe, ya kuma ba Andarawus haƙuri.

Sajan ta fito da ankwa. "Inna, in tafi da shi?"

Inna A'i ta goge moɗar da gefen zaninta, ta rataye a ƙusa.

"Bar shi, 'yar nan, ɗana ne. Ba abina ya ɗauka ba, na Malam ne. A shimfiɗa masa tabarma a zauren yau, su kwana shi da Malam su daidaita."

Mansir ya dubi kusurwar, ya miƙa wa Sajan hannu biyu.

"Don Allah, Sajan, mu je ofis."