Shafi Ɗaya Kawai

A wani ƙauye can bayan dutse, an yi wasu yara masu allon karatu guda ɗaya tak, irin mai hasken nan da littattafai suke cikinsa. Ƙauyen ba wuta, sai an kai allon caji wani gari mai nisa inda akwai wutar sola. Yaran kuwa karɓa-karɓa suke yi.

Ran nan layi ya zo kan wata yarinya. Ta tafi a ƙasa, ta yi zaman jira har allon ya cika, ta juyo da rana tsaka. Ƙafafunta suka yi nauyi, ta zube a gindin wata tsamiya.

Ta ce, "Bari in huta, in karanta shafi ɗaya kawai."

Labarin ya yi daɗi. "Shafi ɗaya kawai."

Alamar caji ta yi ja. "Shafi ɗaya kawai."

Sai allon ya mutu.

Ta iso gida tana jan ƙafa, ta tarar da yaran a kan tabarma, tun hantsi suke jira. Ƙaninta Tanko ya karɓi allon, ya danna, ya sake dannawa. Shiru.

Ya ce, "Yaya, hana ki caji suka yi? Sannu, kin sha wahalar banza." Ya ruga ya kawo mata ruwa.

Ta dubi ruwan nan, ta kasa sha.

Washegari ba layinta ba ne, amma ita ta ɗauki allon. Da ta dawo ta gindin tsamiyar, ƙafafunta suka sake yin nauyi. Ta ƙara rungume allon, ta wuce.