Sharuɗɗa Biyu na Gonar Bakin Gulbi

A garin Gulma akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Mahaifinta, Malam Ja'afar, manomin shinkafa ne, amma gonar ba tasa ba ce. Wani tsohon masunci, Malam Dankure, shi ya ba shi aronta. Sun rubuta yarjejeniya a gaban mai gari, da sharuɗɗa biyu: ba a ƙona karan shinkafa, ba a taɓa itatuwan bakin gulbi.

Wata Asabar bayan girbi, yarinyar ta kai wa Baba fura, ba ta tarar da shi ba. Ta ga kara ya cika gona.

"Bari in rage masa aiki," in ji ta a ranta.

Ta san an hana, amma ta ɗauko ashana a bukka ta ƙyasta. Iska ta taso. Kafin mutane su kashe wutar, itatuwan giyayya uku na bakin gulbi sun ƙone ƙurmus.

Baba ya iso a guje. "Wa ya kunna wutar ga?"

"Ni ce, Baba," ta ce tana kuka.

"Kin san ko gaban alƙali aka je, Malam Dankure na da ikon karɓe gonarsa? Taho mu je ki faɗa masa da bakinki."

Tsohon ya saurare ta har ta gama. Sai ya ɗauki filafili. "Ku shigo jirgi."

Ya tuƙa su zuwa wata kwanar gulbi inda itatuwa suka rufe ruwa. Wurin sanyi, shiru. Can sai balbelu suka tashi fir, har ba su ƙirguwa, sama ta yi fari fat. Yarinyar ta saki baki.

"Leƙa ƙasa, jikata."

Ta leƙa. Tsakanin saiwoyi, 'ya'yan kifi dubbai ne ke juyawa tare, suna walƙiya kamar azurfa.

"Subhanallahi! Kaka, duk nan suke kwana?"

"Nan aka haife su. Saiwar ga ita ke riƙe ƙasa, ita ke ɓoye su har su girma."

Ya nuna ɗaya tsallaken, inda aka sare komai. Gaɓa ta zube, ruwa ya cinye rabin wata gona.

"Mu biyu muka sa hannu a takarda, ni da babanki," in ji shi. "Amma ba mu kaɗai ke cikinta ba. Akwai masunta. Akwai Fulanin da shanunsu ke cin kara su bar taki. Akwai yaran da ba a haifa ba tukuna."

"Kaka, ka yafe mini. Kada ka karɓe wa Baba gona."

Ya yi murmushi. "Ba zan karɓe ba. Amma kowace giyayya ɗaya, ki dasa uku."

Ta dasa giyayya tara. Kullum bayan makaranta tana ɗibar ruwa tana ba dashenta. Ɗaya ya bushe, ta sake wani. Da damina ta sauka, duk taran sun yi ganye shar, Baba kuma ya sake shuka shinkafarsa.

"Mi kika koya, ɗiyata?" ya tambaye ta.

"Alkawarin gona amana ne, Baba. In ka karya shi, mutane da yawa ka cuta, har da waɗanda ba ka taɓa gani ba."