Ƙoƙon da Ya Tsaya a Gaban Shozo

Laima kawai Shozo ya koma ɗaukowa. Da rana ya manta ta a lambun waƙoƙi na garinsu, wurin bikin rafi. A bikin, mutane kan zauna a bakin ruwa, a sako ƙoƙon giyar shinkafa ya bi ruwan, kowa ya tsara waƙa kafin ƙoƙon ya iso gabansa. Wanda ya kasa sai ya shanye. Bana Shozo ya yi nasara, gobe kuma za a sassaƙa waƙar a dutse da sunansa.

Sai dai waƙar ba tasa ba ce. Ta matarsa Mitsue ce, wadda ta rasu bara. Shi da ya tsufa yana mata dariya, wai waƙa ba ta dafa shinkafa, yau ga shi ya ci tuwo da miyarta ko kunya babu.

Rana ta faɗi. An kashe injin da ke tura rafin, ruwan ya kwanta. Ya sunkuya zai ɗauki laimar, sai kwaɗi suka yi tsit.

Ƙwas. Ƙwas.

Jan ƙoƙo ne ke tahowa yana bugun duwatsu, a ruwan da ba ya gudu. Ya zo gabansa ya tsaya. Ƙanshin turaren da ake ƙona wa matattu ya cika masa hanci.

"Baban yara," aka raɗa daga ƙetaren rafin. "Ashe ka iya waƙa? Yi mini ɗaya."

Muryarta ce, har da ɗan tarin nan. Bai ɗaga kai ba. Ba tsoro kaɗai ya hana shi ba, kunya ce.

Ya lalubi kansa. Ko baiti babu.

"To, ka san doka. Sha."

Hannunsa ya ɗauki ƙoƙon ba da izininsa ba. Abin da ke ciki baƙi ne, da sanyin ƙanƙara. Wasu jiƙaƙƙun yatsu suka tallafi gwiwar hannunsa.

Ƙoƙon ya taɓa leɓensa.

"Taki ce!" ya ce. "Mitsue, taki ce. Sata na yi."

Yatsun suka sake shi. Ya ruga, ya bar laimar da takalmi ɗaya.

Da sassafe ya je wurin Tokuji mai sassaƙar dutse, ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce a canja sunan. Tsohon ko ƙarfen sassaƙarsa bai ajiye ba.

"Haba, Shozo, ai duk mun sani. Kowace bazara a lambun nan take zama tana rera wa masu shara ita, tunda a gida ba mai saurara. Tausayinka muka ji jiya, shi ya sa muka tafa."

Tokuji ya matsa gefe. Sunan Mitsue na jikin dutsen, tun jiya ya gama.